Ranar da Na Kwashe Filasan Jerena

A Sallar da ta wuce ina kicin ina jin ku a tsakar gida, ku da 'ya'yanku, kuna ta ƙyaƙyata dariya a kan labarin da kuka tsinta a bakin mutanen unguwa, wai Mama ta taɓa yin yaji da filas. Babanku kuwa, maimakon ya gyara muku, har da shi a dariyar, yana ƙara wa zancen gishiri. Ban tanka ba a lokacin don miyata tana kan wuta, amma abin ya tsaya mini a rai. Ni ban taɓa yin yaji ba, da filas ko ba filas. Tunda yanzu na yi ritaya na zauna rubuta muku abin da na sani na rayuwata, bari in ba ku labarin nan yadda ya faru, kada in mutu ku bar wa jikokina na ƙarya.

Sai na fara da kakarku Inna, don ba za ku gane nauyin filasan nan ba sai kun san ta. Ni ce 'yarta ta fari, kuma a Kurugu a wancan zamanin uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta wasa da shi a gaban mutane, ba ta ma nuna ta san da zamansa. Tun da na buɗe ido ban taɓa jin "Rabi" a bakinta ba. "Ke" shi ne sunana, in kuma da wani take magana, "yarinyar nan". Ƙannena suna hawa cinyarta, ni sai dai kallo. Na san kunya ce, ba ƙi ba, amma sanin bai hana abin yi mini ciwo ba. Sai da aurena ya zo na ga inda take ɓoye abin da ba ta faɗa. Shekara da shekaru tana suyar gyaɗa, tana matsar mai, tana murza ƙuliƙuli har tafin hannunta ya yi kanta, ashe kayan jere take tara mini. Ranar da aka yi mini jere a gidan babanku a Karaye mata suka yi ta shigowa kallo. Abin da ya fi ɗaukar ido shi ne filasan ruwan zafi masu furanni ja da shuɗi, an jera su a saman kabet daga babba zuwa ƙarami, da wani bargo mai laushi ruwan ƙasa a ninke cikin ledarsa. Ba a shan shayi da filasan nan, ba a rufa da bargon nan. Aikinsu a goge su a kalle su. In Inna ta kawo mini ziyara, sai ta ɗaga kai ta dubi saman kabet tukuna, sannan ta amsa gaisuwata.

Aikina kun san shi sama-sama: ni ce nas mai sa barci a ɗakin tiyata. Likita yana yanka, ni ina zaune a wajen kan majiyyaci, numfashinsa da bugun zuciyarsa suna hannuna bayan ikon Allah, har a gama in tashe shi. A shekarar da nake ba ku labari aka sa mana na'urar sanyaya ɗaki, esi, a tiyatar ƙaramin asibitin da nake aiki. Murna ba a magana. Wanda bai taɓa tsayawa cikin rigar tiyata da hula da safar hannu a ƙarƙashin fitila a tsakiyar bazarar Karaye ba, ba zai gane ba. Ni ma na ji daɗinta, ba zan yi muku ƙarya ba. Amma ba a daɗe ba na fara ganin abin da ya dame ni. Mutane suna farkawa suna rawar ɗari har gado yana girgiza, a watan da kowa ke kwana a waje. Matan da aka ciro wa jariri jininsu yana jinkirin tsayawa. Yara kuma su ƙi tashi da wuri, in zauna in yi ta jira. Sai na fara sa musu ma'aunin zafi kafin a shiga da bayan an fito. Jikin mai lafiya yana kan talatin da bakwai, nawa kuwa suna fitowa ƙasa da haka sosai.

An koya mana wannan a makaranta, mu ne muka ɗauka karatun ƙasashen ƙanƙara ne, bai shafe mu ba. Ga yadda abin yake. Mutumin da yake a farke, in sanyi ya taɓa shi, jijiyoyin fatarsa sukan tsuke su tsare ɗumi a ciki, ya yi makyarkyata, ya jawo mayafi. Maganin barci yana kashe duk wannan. Jijiyoyi su saki, ɗumin ciki ya bazu zuwa fata, daga fata ya tafi bangon ɗaki mai sanyi, ya shige teburin ƙarfe, iskar esi ta kwashe saura. Sannan duk ruwan da ya bushe daga jiki, da ɗumin jikin yake tafiya. Da haka randar tsakar gidanmu take sanyaya ruwa, tana tsattsafo ta jikinta, iska tana busarwa. To mutumin da aka shafe da maganin wanke fata, aka buɗe cikinsa a jiƙe, shi ma randa ya zama. Ga kuma numfashi. Allah ya yi hanci don ya ɗumama iska ya jiƙa ta kafin ta kai huhu, mu kuwa mukan zura roba ta baki zuwa maƙogwaro, mu tsallake hancin, mu hura iskar tukunyar oksijin wadda babu ko ɗigon laima a cikinta. Sai huhu ya biya da nasa ruwan da nasa ɗumin, majina ta bushe ta ƙame. Babba yana iya jurewa. Jariri kuwa ga kai babba, ga fata siririya, ba kitse, ko makyarkyatar ma bai iya ba.

Na kai maganar wurin likitanmu, wani saurayi mai barkwanci da aka turo mana daga birni. Bai yi musu ba, don shi ma ya sani. Ya ce manya mu rage musu esi mu rufe su da kyau, in kuma Allah ya kawo jariri ya yarda a kashe ta ɗungurungum, ko da shi zai narke. Sai dai kashe esi kaɗai ba ya isa, kuma ba mu da abin ɗumamawa ko ɗaya. Janaretonmu ba ya ɗaukar hita, kaskon garwashi kuwa ba ya kusantar ɗakin da ake buɗe oksijin, sai in ana so a tashi asibitin da wuta. Dole a dafa ruwa can baya, a murhun masu jinya, a kawo shi bai huce ba. Likita ya ce zai nemi a sayo mana filas. Muna cikin jira, jaririn ya riga filas zuwa.

Ranar kasuwar Karaye ce, da hantsi, aka kawo shi a kan babur daga Falgore ta ƙasar Rogo. Sunansa Habibu. Uwarsa Hadiza ko arba'in ba ta yi ba, tana cikin wankan jego, kakarsa ta wajen uba ce ta rungumo shi. Ƙaba ce irin ta jarirai, hanji ya sauko ya maƙale, tun jiya yake amai, ciki ya kumbura ya yi tauri, kukan ma ya ƙare sai nishi. Likita ya ce ba zai kai Kano da rai ba, a nan za a yi aikin, amma sai an ƙara masa ruwa ya ɗan farfaɗo, zuwa bayan azahar. Na sa ma'auni na ga tun bai shiga tiyata ba jikinsa ya riga ya yi ƙasa, don amai ya jiƙa zanen da aka naɗe shi, iskar babur kuma ta yi ta busarwa a kansa. Na san in aka kwantar da shi haka a kan teburin nan, yanka zai iya yin kyau, yaro ya ƙi tashi. Na cire jiƙaƙƙen zanen, na ɗora shi a ƙirjin uwarsa fata da fata, na ce kada ta kuskura ta sauke shi sai na dawo.

Ban tsaya shawara da kowa ba, babanku yana makaranta yana koyarwa. Na tari mai babur zuwa gida, na taka kujera na sauko da filasan duka, na zare bargon daga ledarsa, na haɗa da babbar kula da langa, na ƙulle a zani. Ji nake kamar Inna tana tsaye a bayana. Ina fitowa da ƙunshi a ka, fuska a murtuke, sai ga maƙwabciyarmu Gwaggo Tabawa a bakin ƙofa. Ta ce lafiya, na ce sauri nake, na wuce. Ku kun san abin da ake nufi in mace ta fito da kayan jerenta da rana tsaka, miji ba ya gida. Inna kuwa duk ranar kasuwa tana rumfar masu mai da ƙuliƙulinta. Gwaggo Tabawa ko mayafin kirki ba ta tsaya ɗauka ba, ta nufi kasuwa wurinta.

Ana kiran azahar ina tsugune a murhun bayan asibiti, filasan a zube a ƙasa kusa da toka, sai na ga inuwar mutum a kaina. Inna ce, mayafi a karkace. Ta bar kayanta a kasuwa, ta je gidana ta ga saman kabet wayam, aka ce mata nan na yi. Ba ta dube ni ba, filasan take kallo. Babban har baƙin tukunya ya shafi furensa.

"Ke. Sakinki ya yi, ko ke kika fito?"

Na ce babu ko ɗaya, na yi mata bayani, sai na ga ranta ya ƙara ɓaci. Da saki ne, ƙaddara ce, ta san abin da za ta ce wa mutane. Amma a ce da hankalina na kwaso guminta na zube a toka saboda ɗan mutanen da ko saninsu ban yi ba, wannan a wurinta wulaƙanci ne. Ta ce gwamnati ba ta da filas ne, ta ce a wannan zafin da kaji ke buɗe baki wane irin sanyi ne zai kama mutum, ta sunkuya ta fara tattarawa. Zuciyata ta taso, kun dai san halina. Amma ban taɓa ɗaga mata murya ba, ranar ma ban yi ba.

"Inna, ki zo ki taɓa ƙafarsa kawai. In kin taɓa kika ce in mayar, wallahi zan mayar."

Na yi rantsuwar ne kawai, amma da ta ce a mayar ban san yadda zan yi ba. Muka shiga ɗakin yara, kwanon rufi yana ta ƙas-ƙas don zafi, masu jinya suna fifita. Inna ta gaisa da kakar yaron gaisuwa cikakkiya, da ya mai jiki da ya hanya, don ko tana fushi ba ta gutsure gaisuwa. Sannan ta zura hannu ƙarƙashin zanen Hadiza ta kama tafin ƙafar Habibu. Na ga fuskarta ta sauya. Matar da ta yi wa mata ba adadi wankan jego, ta san sanyi in ta taɓa shi. Ba ta ce a mayar ba, ba ta kuma ce a bari ba. Juyawa ta yi ta fita. Da na bi ta na tarar ta ci ɗamara da mayafinta, ta ture ni daga bakin murhu wai ban iya hura wuta ba.

Nan ma sai da muka ɗan ja. Ita a saninta ruwan da ke korar sanyi shi ne na jego, mai tafasa, wanda ake fyaɗawa da ganye. Na ce mata wanda aka sa wa barci ba ya jin ƙuna balle ya janye jikinsa, fatar jariri kuwa ruwan da hannunta zai ji daɗinsa ma yana iya sale ta. Muka raba aiki: ita ta tafasa ta cika filas, ni in surka a tiyata da ma'auni a hannu. Ta ce wannan ruwan nawa ko kunu ba zai dama ba. Ta dai cika.

Muka kashe esi tun kafin a shigo da shi, muka kashe fanka, muka rufe tagogi. Na shimfiɗa bargon Inna a kan teburin ƙarfe, na ɗora leda da ƙyalle mai tsabta. Na naɗe kan yaron da hannuwansa da ƙafafunsa da auduga, ba abin da ke waje sai inda za a yanka. Ledojin ƙarin ruwa suna kwance a kula cikin ruwan ɗumi, kwalbar maganin wanke fata tana cikin langa. Iskar numfashinsa kuwa na bi da ita ta cikin wata kwalba da muka dafa, mai ruwa mai tsabta, na zaunar da kwalbar a ruwan ɗumi, don iska mai ɗumi ta fi mai sanyi ɗaukar laima. Amma da ta fito ta fara hucewa a hanya sai ta sauke ruwan, ya kwanta a jikin roba kamar raɓa. Saboda haka na saki tsakiyar robar ta yi ƙasa da tebur, ina zazzagewa, kada ɗigon ya gangara huhunsa. Ruwa na hucewa in buɗe filas in ƙara. Filas na ƙarewa a miƙa ta ƙofa, Inna ta maido wani a cike.

Likita gumi har cikin takalminsa, nas ɗin da ke taimaka masa tana goge masa goshi kada ya ɗiga a wurin aiki. Ya ce in ya suma ni zan ƙarasa ɗinkin, na ce ya daure ya suma bayan ya gama. Wasan a baki ne kawai, idona yana kan ma'auni. Da aka yanka zafin jikinsa ya ɗan sauka, ya ƙara sauka. Ana cikin haka jakar da nake matsawa in ba shi numfashi ta yi tauri a hannuna, ƙirjinsa ya rage ɗagawa, leɓensa ya fara duhu. Robar maƙogwaron jariri siririya ce ƙwarai, majina kaɗan ta isa ta toshe ta. Na ce likita ya dakata. Na zura robar zuƙa ina ambaton Allah a zuci. Da majinar ta bushe ta ƙame, da sai na zare robar duka na sake sa wata, a jaririn da ba shi da sauran ƙarfi. Amma da laushinta, ta biyo zuƙa ta fito. Jaka ta saki, ƙirji ya ɗaga, leɓe ya dawo ja. Likita ya kwance hanjin ya lulluɓe shi da ƙyalle mai ɗumi, muka tsaya muna kallo, wurin da ya yi duhu ya soma washewa, ba sai an yanke ba. Na sake duban ma'auni na ga ya tsaya. Kafin a gama ɗinki ma ya fara hawa.

Na rufe maganin barci na zauna jira. A nan yaran da suka yi sanyi suke daɗewa, wani har ya manta da numfashi. Habibu ya motsa yatsa, ya yamutsa fuska, ya yi yunƙurin tari. Na zare robar. Ya ja iska da kansa ya tsala kuka, siriri amma na fushi, ni kuwa na yi hamdala. Likita ya cire hularsa ya matse, ruwa ya zuba, ya ce yanzu a kunna masa esi ko ya kai ƙarata.

Na fito da yaron naɗe a bargon, sai na ga babanku a baranda da babbar riga, shi da baffansa, wai sun zo biko. Gwaggo Tabawa ta tare shi a ƙofar gida shi ma. Bawan Allah duk hanya yana neman laifin da ya yi mini bai samo ba, har ya yanke cewa maganar da ya yi ce a kan gishirin miya, ya zo a shirye ya ba da haƙuri. Da ya gane abin da ake ciki, dariya ya yi har ya zauna a ƙasa. Shi ya sa har yau labarin a wurinsa na dariya ne.

Ni a wurina ba dariya kaɗai ba ne. Filasan ba su koma kabet ba. Kafin na asibiti su iso wani jaririn ya zo, wani ma ya zo, waɗansu filasan suka fashe, sauran furensu ya goge. Ranar sunanki, Maryam, dangin babanku suka cika ɗakina, wata ta dubi saman kabet ta ce ko gidansu ba su yi mata jere ba ne, a gaban Inna. Inna ta sunkuyar da kai, ni kuwa da jegona na shiga banɗaki na yi kuka. Ban taɓa nadama ba, amma ya yi mini ciwo, har yanzu ma in na tuna. Habibu kuwa kun san shi, shi ne mutumin Falgoren nan da ke sauke mana gyaɗa kowace kaka, wanda kuke cewa ya cika surutu.

Abin da mutanen unguwa ba su gani ba, balle su ba ku labari, shi ne abin da ya faru ranar bayan la'asar. Kafin Inna ta koma kasuwa neman kayanta, ta sake shiga ɗakin yara. Ina gefe ina duba ƙarin ruwa. Habibu yana kan ƙirjin uwarsa, bargon a kansu. Inna ta zura hannu ta kama ƙafar nan, ta daɗe tana riƙe da ita.

"Da ɗumi," ta ce, ba da kowa take ba.

Hadiza ta fara yaye bargon za ta miƙo mini, don ta ga sabo ne, ba irin na asibiti ba. Kafin in buɗe baki Inna ta danne hannunta, ta ce a bar masa, in an sallame su ya tafi da shi Falgore, hanyar da iska. Kakar yaron, wadda duk ta ɗauka Inna ma'aikaciyar murhu ce, ta yi mamakin yadda take kyauta da kayan wani. Ta nuna ni da haɓa ta tambaye ta ko ta san malamar nan ne, 'yar wane gida ce. Na sunkuyar da kai ina jiran in ji "yarinyar nan". Inna ta gyara mayafinta, idonta a kan yaron, ba a kaina ba.

"Rabi ce," ta ce. "Ta wajena."

Ban sake jin sunana a bakinta ba har ta koma ga Allah. Sau ɗayan nan ya ishe ni.